Shinkafar Basmati 1121 a Tukunyar Biki: Tsawo Ya Cika, Ƙamshi Ya Rage

Shekara ta uku ke nan ina dafa shinkafar basmati mai lamba 1121 a bukukuwan da ake ba ni aikin girki a cikin birnin Kano da kewaye, kuma tambayar da mata suka fi yi mini bayan an sauke tukunya ita ce ko wannan shinkafa ta cancanci kuɗin da ake zubawa a kanta. Na ga ya dace in rubuta amsata a tsanake, domin amsar da ake bayarwa a tsaye a bakin murhu ba ta ɗaukar dogon bayani, alhali kuwa maganar tana buƙatarsa. A ranakun mako ina koyar da ilimin aikin gona a makarantar sakandare, girkin biki kuwa na Asabar da Lahadi ne, saboda haka ta fuska biyu nake duban buhun shinkafa: ta mai girki da ke son abincinta ya fita kunya, da ta malamar da ta san cewa yawancin abin da ke faruwa a cikin tukunya an riga an shirya shi tun a gonar masu binciken iri.

A Madina na fara cin ta, lokacin da na je Umara, a cikin babban faranti na kabsa, kuma na tabbata yawancin Hausawan da suka san basmati a ƙasa mai tsarki suka san ta, tun da Saudiyya da Iran da Iraƙi su ne kan gaba wajen sayenta daga Indiya. Da na dawo gida na shiga nemanta a kantuna, sai na lura cewa kamfanoni da dama ne suke zuba ta a buhunansu, kowa da sunansa da hoton da ya zaɓa, amma lambar 1121 tana maimaituwa a jikin buhunan. Wannan lamba ba ta wani kamfani ba ce. Sunan irin shinkafar ne, Pusa Basmati 1121, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Indiya da ke birnin Delhi ta fitar a shekarar 2003. Don haka abin da nake aunawa a nan irin ne, ba tambarin wani ɗan kasuwa ba, kuma yawancin wadda na saya ita ce ake rubuta wa Sella, wato wadda aka turara da ɓawonta kafin a cashe, kwatankwacin gumin da matan karkararmu suke yi.

Abu na farko da ido ke gani shi ne tsawo, kuma a nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Ranar da na buɗe buhun farko na ɗauko rular da nake shiga aji da ita, na jera ƙwaya ashirin a kan farin tire, na auna su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun haura milimita 8, wasu sun kusa 9, alhali shinkafarmu ta gida da na jera a gefensu ba ta wuce 7 ba. Bayan dahuwa na sake aunawa, na sami ƙwayoyi masu milimita 18 da 19 da 20, cibiyar da ta fitar da irin kuma ta ce yakan kai 22. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ƙwayar take miƙewa ta tsawo ba tare da ta kumbura ta gefe ba, ta fito siririya, ta ɗan lanƙwasa, kowacce a ware da 'yar'uwarta. Aukinta ma abin a faɗa ne, domin takan ninka kanta fiye da sau huɗu a tukunya, kuma a lissafina na biki, inda nakan auna kwano uku na shinkafar gida, kwano biyu da ɗan ƙari na wannan yakan cika kuloli iri ɗaya. Wannan auki yana rage zafin tsadarta, ko da yake bai shafe shi ba.

Wanda bai san tarihin basmati ba zai ɗauka cewa haka Allah ya halicce ta tun asali, doguwa mai yawan amfani. Ba haka ba ne. Tsoffin nau'o'in da manoman Punjab da Haryana da gindin duwatsun Himalaya suka gada, irin su Basmati 370 da aka tace aka fitar a 1933 a Kala Shah Kaku, wanda yanzu yake cikin Pakistan, da Taraori da Dehraduni, dogayen shuke-shuke ne da kan kai mita ɗaya da rabi. Da zarar manomi ya ƙara musu taki sai su ƙara tsawo, iska ta zo ta kwantar da su cikin ruwa, zangarniya ta lalace. Ba sa fitar da kai sai rana ta fara gajarta, kamar yadda dawarmu ta gargajiya, kaura da farafara, take jiran ƙarshen damina ko da yaushe aka shuka ta. Amfanin da suke bayarwa kuwa bai cika wuce tan biyu zuwa biyu da rabi a hekta ba. Manomi yana da shinkafa mai daraja a hannunsa, amma kaɗan ce, kuma kowace shekara yana cikin fargabar iska.

Aikin da masu binciken suka sa a gaba shi ne su haɗa gajarta da yawan amfani na sababbin irin shinkafa da halayen ƙwayar basmati, aikin da ya ci shekaru fiye da ashirin kafin a fitar da Pusa Basmati 1 a 1989, wadda ita ce basmati ta farko mai gajeren kara da ba ta jiran gajartar rana. Dalilin jinkirin shi ne halayen da ake nema a ƙwaya suna da yawa, ga tsawo, ga sirantaka, ga miƙewa bayan dahuwa, ga laushi, ga ƙamshi, kuma idan aka haɗa basmati aure da wata shinkafa, jikokin sukan watsar da waɗannan halaye, wannan ya ɗauki ɗaya ya bar uku, wancan ya ɗauki biyu ya bar sauran. Sai an shuka dubbai ana zaɓe, shekara bayan shekara, kafin a dace da wanda ya tara su. Daga wannan layi ne 1121 ta fito a hannun ayarin Dakta V. P. Singh, tana nuna cikin kimanin kwana 140 zuwa 145, tana ba da tan huɗu ko fiye a hekta. Manomi ya sami kusan ninki biyu na abin da tsohuwar take ba shi, ɗan kasuwa kuma ya sami ƙwayar da ta fi kowace tsawo, shi ya sa cikin 'yan shekaru ta mamaye gonakin basmati na Indiya. Ina girmama wannan aiki ƙwarai, kuma nakan kawo shi misali ga ɗalibaina idan muna karatun inganta iri.

Sai dai ƙamshi, wanda shi ne ma'anar sunan basmati, a nan nake da magana. Wata 'yar'uwata da ta je Indiya jinyar mijinta ta taho mini da ɗan ƙullin tsohuwar basmati, kilo ɗaya tak, ƙwayarta gajera idan aka gwada da 1121, har na raina ta da na gani. Na ɗora tukwane biyu a lokaci guda, ruwa da gishiri kawai, ban sa ko ɗigon mai ba. Tun kafin tsohuwar ta tsotse ruwanta ƙamshinta ya fita daga kicin ya isa tsakar gida, har mahaifiyata da ke zaune a kan tabarma tana lazimi ta ɗaga murya ta ce, «Wace ce take soya gugguru da tsakar ranar nan?» Na ce, «Inna, shinkafa ce.» Ba ta yarda ba sai da na kai mata a murfin tukunya. Ita kuwa 1121 Sella, sai na buɗe murfi na sunkuya cikin tururin kafin na ji ƙamshin, yana nan, mai daɗi ne, amma siriri ne, kuma da zarar albasa da kanumfari da kirfa sun shiga tukunya sai ya ɓuya a bayansu.

Inna ba ta yi kuskure ba da ta ambaci gugguru. Sinadarin da ke ba shinkafa wannan ƙamshi, wanda masana suke taƙaita sunansa da 2AP, masu bincike a Amurka ne suka gano shi a 1982, kuma shi ɗin ne ake samu a gugguru da ɓawon burodi mai zafi. Sinadari ne mai saurin tashi, zafi da daɗewa a ajiya suna rage shi, saboda haka turarawar da ake yi wa Sella tana tafiya da wani kaso nasa tun kafin a zuba ta a buhu. Na gwada farar 1121 da ba a turara ba, na sami ƙamshinta ya fi na Sella a fili, amma duk da haka bai kamo na tsohuwar ba, ga shi kuma tana saurin karyewa idan hannu ya yi yawa a tukunya. Ra'ayina shi ne kasuwa ce ta ja akalar binciken: mai saye yana ganin tsawo ta cikin ledar buhu, amma ba ya jin ƙamshi sai ya kai gida, don haka abin da ido ke gani shi aka fi biyan kuɗi a kansa, shi kuma aka fi ƙoƙarin kai wa matuƙa.

Dole kuma in yi wa masu binciken adalci, domin riƙe ƙamshi a cikin sabon iri ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙamshin yana fitowa ne daga wata ƙwayar gado mai suna BADH2 idan ta samu naƙasa ta daina aiki, sai sinadarin ya riƙa taruwa a jikin shukar. Hali ne mai ɓuya, ba ya bayyana sai shukar ta gaje shi daga uwa da uba gaba ɗaya. Idan aka haɗa mai ƙamshi da marar ƙamshi, 'ya'yan farko ba su da shi, a cikin jikoki kuma ɗaya cikin huɗu ne kawai yake fitowa da shi. A da, masu binciken tauna ƙwayoyin suke yi ɗaya bayan ɗaya, ko su jiƙa ganye a ruwan wani sinadari su sansana, kuma duk wanda ya taɓa zaɓen turare ya san cewa hanci yakan gaji bayan kwalba biyar ko shida. Sai a 2005 masu bincike a Ostareliya suka tantance ƙwayar gadon, daga nan aka sami damar gwada ɗan guntun ganye a ɗakin bincike a san mai ƙamshi tun yana tsiro. Bayan gado kuma akwai yanayi, domin sanyin dare a lokacin da ƙwaya take cika yana ƙarfafa ƙamshin, zafi mai tsanani kuma yana raunana shi, shi ya sa iri ɗaya yakan ba da ƙamshi daban a gonaki daban.

A wajen girki, Sella tana da sharaɗi guda da ba ta yafewa, wato jiƙo. Nakan wanke ta sau uku, in jiƙa ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu, farar kuwa rabin awa ya ishe ta. Wadda ta zuba Sella a tukunya ba jiƙo za ta sami ƙwaya mai tauri a ciki wadda ba ta miƙe ba, sai ta zargi shinkafar, alhali laifin gaggawa ne. Idan an jiƙa ta yadda ya kamata, ban taɓa ganin shinkafar da ta kai ta haƙuri a tukunyar biki ba. Tana jure juyawa, tana shan romon nama ba ta caɓe ba, kuma takan yi awa huɗu a kula tana jiran 'yan ɗaurin aure su dawo daga masallaci, a buɗe a same ta wara-wara kamar yanzu aka sauke. Dafa-duka da soyayyar shinkafa da kabsa da biryani duk tana yi musu kyau. Amma ba ta tuwo ba ce, ba ta waina ba ce, ba ta sinasir ba ce, domin ba ta da danƙon da waɗannan suke buƙata, kuma a garau-garau da mai da yaji ni dai na fi son shinkafarmu, wadda take da ɗan nauyi a baki, take kuma riƙe ciki.

Sau ɗaya aka cuce ni a kanta, kuma zan faɗi yadda abin ya faru domin wata ta kiyaye. Ana saura kwana biyu wani biki na sayi buhu uku a wani kanti da ban saba da shi ba, saboda farashinsa ya ɗan fi sauƙi. Da na sauke tukunyar farko sai na ga abin da ban saba gani ba, wasu ƙwayoyin sun miƙe, wasu sun tsaya gajeru sun kumbura, wasu har sun fara narkewa, tukunya ɗaya amma dahuwa iri biyu. Na zuba ɗanyar a tire na baza a rana, sai ga shi a fili, an gauraya ta da wata doguwar shinkafa mai ɗan faɗi da kuma karyayyu. Na koma kantin da tiren a hannuna na ce, «Alhaji, dubi abin da ke cikin buhun nan.» Ya juya ƙwayoyin da yatsa ya ce, «Wallahi Hajiya, haka aka kawo mana.» Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin algus ɗin basmati tsohuwar matsala ce tun daga inda ake sarrafa ta, akwai dogayen shinkafu masu araha irin su Sharbati da ake cakuɗawa da ita. Ya karɓi buhu biyun da ban buɗe ba, na ukun kuwa ya zama asarata. Tun daga ranar ba na sayen buhun da ba a rubuta lambar iri da nau'in sarrafawa a jikinsa ba, nakan duba ɗinkin bakinsa, kuma ba na ɗora tukunyar biki sai na dafa cikin kofi ɗaya na gwaji. Kalmomin Tibar da Dubar da Mogra da ake gani a wasu buhuna kuma sunayen karyayyar basmati ne daki-daki, ba aibi ba ne a saye su don cin gida, amma bai kamata a biya musu kuɗin cikakkiya ba.

Akwai kuma 1509, wadda ake yawan samu a gefenta a kanti. Ita ba jabu ba ce, 'yar 1121 ce da cibiyar ta fitar a 2013, tana nuna cikin kwana 115 zuwa 120, shukarta ta fi gajarta, ba ta kwanciya, kuma tana rage wa manomi ban ruwa na kusan wata guda. A tukunyata tsawonsu ya yi kusa ƙwarai, ƙamshin 1509 ya ɗan fi rauni, farashinta kuma yakan fi sauƙi, don haka idan mai biki ta ce in rage mata kuɗi, ita nake saya, kuma nakan gaya mata.

A gona 1121 tana da rauninta, kuma raunin yana shafar mai ci. Cututtuka suna kama ta, musamman ƙonewar ganye ta bakteriya, da cutar da ke karya wuyan zangarniya, da wadda ake kira bakane mai sa shuka ta zanƙale ta mutu, abin da ke tura manomi yawan feshi. Tarayyar Turai ta rage adadin ragowar maganin feshi mai suna tirisaikilazol da ta yarda a samu a shinkafa zuwa miligiram 0.01 a kilo, matakin da ya girgiza masu fitar da basmati daga 2018. Amsar da masu binciken suka bayar ita ce suka dasa wa 1121 ƙwayoyin gadon jure cuta ta hanyar aure da zaɓe, ba tare da sun taɓa siffar ƙwayarta ba, suka fitar da Pusa Basmati 1718 a 2017, sannan 1885 a 2021. Idan na ga 1718 a jikin buhu ina sayenta da kwanciyar hankali, kuma ban iya bambanta ta da 1121 a faranti ba.

Ɗalibaina sukan tambaye ni me ya hana a shuka ta a Kadawa ko Haɗeja ko fadamun Kebbi. Nakan ce musu da farko wadda ke cikin buhu an cashe ta, ba za ta tsira ba, sannan sunan basmati kansa Indiya ta ɗaure shi da wasu yankuna nata na arewa tun 2016, ga kuma batun zafi da na ambata. Amma shinkafa mai ƙamshi ba ta tsaya ga basmati ba, kuma Afirka ta Yamma ba ta rasa nata ba. NERICA 1, wadda aka yi wa rajista a Najeriya da sunan FARO 55, tana da ƙamshi. A Senegal an fitar da Sahel 177 da 328 da 329 a 2009 don gonakin ban ruwa masu zafi irin namu, cibiyar AfricaRice tana da jerin da ta kira Orylux, a Gana kuma Jasmine 85 ta samu karɓuwa saboda masu saye a can suna neman shinkafa mai ƙamshi. Abin da ke ci mini rai shi ne ko manominmu ya shuka irin wannan, shansherarsa za ta shiga injin casa tare da ta kowa, ta fito a buhun da ba a rubuta sunan iri ba, a saye ta da kuɗin FARO 44, irin da manomanmu suka saba shukawa. Babu manomin da zai wahala wajen tsare tsarkin iri idan kasuwa ba ta san sunansa ba, kuma ina ganin wannan ne babban abin da Indiya ta fi mu, lambar da mai bincike ya ba iri ita ce take bin shinkafar har kantin Kano.

A makon jiya uwar wata amarya ta zo gida mu yi lissafin abincin mutum ɗari uku, ta ce ita dai basmati take so daga farko har ƙarshe. Na ce mata, «Hajiya, mu yi kabsar 'yan ɗaurin aure da 1121 Sella, tun da za ta daɗe a kula. Kular da za a kai gidan ango kuwa in dafa farar da ba a turara ba, in rage kayan ƙamshi don a ji na shinkafar. Wainar safe da tuwon dare kuma ki bar ni da shinkafarmu ta Kura.» Ta ɗan yi shiru tana duba takardar lissafin, sannan ta ce in ƙara kwano biyu a ta gidan ango.